Musun Annoba da Hakkin Majinyaci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako zai waiwayi annobar nan ta korona wadda ta game duniya a shekara ta 1441 bayan Hijira, watau 2020 ta Miladiyya. Mai yiwuwa wani ya ce me ya kawo tone-tone, alhali kuwa tun ran 5 ga watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta fita daga matsayin ta-ɓaci? To, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da hankali ya kwanta shi ne lokacin karatu, domin ranar da wata annobar ta sake kunno kai babu mai natsuwar buɗe littafi. Abin da za mu duba shi ne yadda jama'a da yawa suka musanta cutar nan, da kuma halin da asibitocinmu suka samu kansu a ciki, gama abubuwan nan biyu a ɗaure suke da juna.

Bari mu fara da kalmomi, kamar yadda muka saba a aji. Larabawa suna da kalmar waba'u, suna kuma da kalmar ɗa'un. Waba'u ita ce kowace cuta da ta bazu ta kama mutane da yawa a lokaci guda. Ɗa'un kuwa wata cuta ce ta musamman mai sa ƙulli ya fito a hammata ko a matsematsi. Don haka malamai suka ce kowane ɗa'un waba'u ne, amma ba kowace waba'u ce ɗa'un ba. Korona waba'u ce. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani, tana fita daga mai ɗauke da ita ta tari da atishawa da numfashi, tana kama huhu, ta fi kuma yin ɓarna ga tsofaffi da masu ciwon sukari da hawan jini. Hadisan da suka zo a kan ɗa'un ana yin ƙiyasi da su a kanta, saboda dalilin hukuncin ɗaya ne, watau tsare rayukan bayin Allah.

An tabbatar da shigowar cutar Nijeriya ran 27 ga Fabrairu na 2020, a jikin wani mutumin Italiya da ya sauka a Legas. Ran 11 ga Afrilu aka ba da sanarwar mutum na farko a Kano. Tun kafin wannan rana maganganu sun cika kasuwa da tasha da majalisun ƙofar gida. Waɗansu suka ce cutar masu hawa jirgin sama ce, ba ruwanta da talaka. Waɗansu suka ce zafin ranarmu zai ƙone ta. Waɗansu suka ce dabara ce kawai ta cin kuɗi. Samari kuwa suka mai da "babu korona" abin wasa a bakin titi. Amma maganar da ta fi damun mai karantarwa irina ita ce wadda aka yafa wa rigar addini, aka ce wai yarda da cewa cuta tana yaɗuwa raunin imani ne, kuma wanda ya nisanci taro bai yarda da ƙaddara ba.

Wannan mas'ala an gama da ita tun zamanin Sahabbai. A lokacin annobar Amwas, wadda masana tarihi da yawa suka ajiye a shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya kama hanyar Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sargu, sai shugabannin runduna suka tarye shi, cikinsu har da Abu Ubaida ɗan Jarrahu, suka gaya masa annoba ta faɗa wa ƙasar. Ku lura da abin da Umar ya yi. Bai ce ƙarya suke yi ba, bai kuma yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya kira Muhajirai na farko ya shawarce su, suka saɓa. Ya kira mutanen Madina, su ma suka saɓa. Sa'an nan ya kira dattawan Ƙuraishawa, su kuwa baki ya zo ɗaya a kan ya koma da jama'a. Da ya yi shelar komawa sai Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Ana cikin haka Abdurrahman ɗan Aufu ya iso, ya ba da labarin abin da ya ji daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ma'anarsa ita ce kada a shiga ƙasar da annoba ta faɗa wa, wanda kuma yake ciki kada ya fita don gudunta. Buhari da Muslim duk sun ruwaito wannan ƙissa.

Wa zai ce ya fi Umar tawakkali? Kuma wa zai ce annobar ta tsallake salihai? Abu Ubaida da kansa ya rasu a cikinta, haka Mu'azu ɗan Jabal, haka Yazidu ɗan Abu Sufyan. Da jagoranci ya komo hannun Amru ɗan Asi sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, domin ya lura cutar tana ci ne kamar wuta in ta sami itace a tare. Abin da likitocin 2020 suka kira ba da tazara ke nan.

Masu musu sukan kafa hujja da hadisin da ya kore adwa, watau naso ko yaɗuwar cuta. Hadisin ingantacce ne, babu shakka. Sai dai wanda ya faɗe shi, shi ne kuma ya hana a kai raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya, shi ne kuma ya aika wa kuturun da ke cikin tawagar Saƙifawa cewa an karɓi mubaya'arsa ya koma, ba tare da an yi musafaha ba. Maganar Annabi ba ta karo da juna. Abin da malamai da dama suka fahimta shi ne, an kore aƙidar Jahiliyya ne ta cewa cuta tana da ikon kanta, amma ba a kore sababi ba. Wuta tana ƙuna da izinin Allah, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya sa hannu a murhu don ya nuna ƙarfin imaninsa ba. A nan ɗalibaina sukan ji ni ina rarrabe musu kalmomi biyu masu kama da juna: tawakkul shi ne ka yi abin da ke wuyanka sa'an nan ka dogara ga Allah, tawaakul kuwa, mai ja a tsakiya, shi ne ka naɗe hannu ka jingina wa wani. Wasali guda ne ya raba su a baki, amma a aiki tsakaninsu ya fi tsakanin gabas da yamma.

Akwai kuma abin da Hafizi Ibnu Hajar Al'asƙalani ya rubuta a littafinsa na annoba mai suna Bazlul Ma'un, shi da ya rasa 'ya'yansa mata a cikin ɗa'un. Ya ba da labarin cewa a shekara ta 833 bayan Hijira mutanen Alƙahira sun yi azumin kwana uku, suka fita sahara suka taru don roƙon Allah ya ɗauke annoba. Kafin taron, masu mutuwa a rana ba su kai arba'in ba. Wata bai ƙare ba sai da suka haura dubu a kowace rana. Addu'a ba ta da laifi. Cunkoson ne ya ba cutar hanya. Wanda ya san wannan ba zai yi mamaki ba da ya ji an dakatar da Umra a 2020, aka kuma taƙaita Hajjin shekarar ga mutane ƙalilan mazauna ƙasar Saudiyya.

Yanzu sai mu zo kan ma'aunin labari, wanda shi ne zuciyar darasin. Babu al'ummar da ta kai Musulmi ƙwarewa a wajen tantance labari, domin a kansa aka gina ilmin hadisi gaba ɗaya. Malamanmu sun ce labarin da ya zo ta hanyar jama'a masu yawa, daga wurare dabam-dabam, waɗanda hankali ba zai ɗauka sun haɗa baki a kan ƙarya ba, kuma abin da suke faɗa sun gan shi ne da ido, to wannan shi ne mutawatiri, kuma yana wajabta sakankancewa. Mu ɗora korona a kan wannan sikeli. Sin da Amurka ba sa ga maciji da juna, Iran da Saudiyya haka, amma duk sun ce akwai cutar, duk kuma sun binne mutanensu. A gida Nijeriya, Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, ya rasu da ita ran 17 ga Afrilu. Wace irin haɗa baki ce za ta sa mutum ya ba da ransa?

Ko da mun ajiye na nesa, shaidar kusa ta isa. A cikin watan Afrilu na 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka fara ɗaga murya cewa aiki ya fi ƙarfinsu, kuma waɗannan bayin Allah ba su da kwangila ba su da kujera. A 'yan makwannin nan birnin ya rasa dattawa da malaman jami'a da manyan ma'aikata bi da bi. Da farko hukumomin jiha sun danganta mace-macen ga hawan jini da ciwon sukari da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Ran 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Kano dokar kulle ta mako biyu. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken tawagar Gwamnatin Tarayya: an ƙidaya mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kimanin 43 ke nan a rana, alhali a da kimanin 11 ake samu. Ya ce tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce sanadinsu ko ita ta tayar da ciwon da suke da shi, kuma yawancinsu sun haura shekara 65. Gwamnatin jiha ta fitar da nata lissafin wanda ya yi ƙasa da wannan ƙwarai. Saɓanin ya samo asali ne daga cewa yawancin mamatan ba a gwada su ba, sai tambayar iyalansu aka yi bayan an binne su. Amma a lura, saɓanin a kan adadi yake. Babu ɓangaren da ya ce kaburburan ba su cika ba.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne mu ɗora wa talaka laifin duka mu tashi. Mutumin Kano bai manta da 1996 ba, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003 zuwa 2004, cutar kuwa ta sami damar komawa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Sa'an nan ga halin asibitocin su kansu. A cikin wancan bincike na tarayya an ce kimanin kashi 56 cikin ɗari na mamatan a gida suka cika, kashi 38 ne kawai a asibiti. Wannan adadi ya kamata ya hana mai mulki barci. Mutane sun zauna a gida ne domin waɗansu suna tsoron a killace su a raba su da iyali, waɗansu kuma sun je an ƙi karɓarsu, gama asibitocin kuɗi da dama sun rufe ƙofa ko sun rage aiki, ma'aikatan da suka rage kuwa ba su da isassun kayan kare kai, suna tsoron duk mai tari. Mai ciwon sukari da mai hawan jini da mace mai naƙuda suka rasa inda za su. A daidai lokacin da mace-macen suka yi tsanani, ɗakin gwajin cutar da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai jihar ta dogara da shi a sa'an nan, ya dakatar da aiki na 'yan kwanaki. A watan Mayu majinyatan da aka killace a Kwadon ta Jihar Gombe suka fito kan titi suna kukan rashin kulawa, hotunansu suka bazu, masu musu suka ce to ga shi nan, ina mara lafiya zai iya zanga-zanga? Ba su san cewa da yawa daga masu ɗauke da ƙwayar ba sa kwanciya ba, kuma wannan shi ne ainihin haɗarinta. A watan Yuni likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki, cikin ƙorafinsu har da ƙarancin kayan kariya da alawus ɗin kasada, wanda kafin annobar naira dubu biyar ne a wata. A watan Oktoba kuma jama'a suka fasa rumbuna a garuruwa da dama suka tarar da kayan abincin tallafi jibge, bayan an kulle su a gida da yunwa watanni kaɗan da suka wuce. Wanda ya ga wannan, da wane baki za ka ce masa ya yarda da sanarwar hukuma?

Amsar tana cikin aya ta 6 ta Suratul Hujurati. Ma'anarta ita ce, idan wanda ba a amince da shi ba ya zo da labari, to a nemi tabbaci. Fi'ilin da aka yi amfani da shi daga tabayyun yake, watau neman abu ya bayyana. Allah bai ce a karɓi labarin ido rufe ba, bai kuma ce a yi jifa da shi ba. Ya ce a bincika. Saboda haka wanda ya ce bai amince da bakin hukuma ba, yana da uzuri a kan wannan. Amma uzurinsa ya ɗora masa aiki ne, na ya je ya tambayi likitan unguwarsu wanda suke sahu ɗaya a masallaci, ya tambayi mai wankan gawa, ya tambayi mai haƙar kabari. Zargin mai kawo labari abu ne dabam, ƙaryata labarin abu ne dabam, kuma a nan ne da yawanmu suka zame. Wanda ya ƙi saƙon Ministan Lafiya don bai san adalcinsa ba, sai ga shi ya karɓi muryar da aka turo masa a waya wadda bai san ko ta wane ne ba, ya kuma tura wa mutum ɗari. A ilmin hadisi wannan ruwayar majahuli ce, ba ta da ko isnadi. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin tsoro ko na aminci kafin su mai da shi ga waɗanda suka san yadda ake tace shi, kuma Muslim ya ruwaito cewa faɗar duk abin da mutum ya ji ta ishe shi zama maƙaryaci.

Wannan ke nan game da talakawa. Amma nauyin da ke kan shugabanni ya fi girma, domin jinyar marasa lafiya a Musulunci hakki ce da ake bin al'umma. A zamanin Annabi, tantin Rufaida Al'aslamiyya a masallacin Madina yake, a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Handaƙu, domin a riƙa duba shi daga kusa. A Bagadaza, a shekara ta 319 bayan Hijira, da wani majinyaci ya mutu saboda kuskuren mai magani, Halifa Muƙtadir ya umarci Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba masu aikin likita, wanda bai ci ba a hana shi taɓa mutane. A Alƙahira Sarki Ƙalawun ya gina babban asibitin Mansuri a 1284 ta Miladiyya, ya tsayar masa da waƙafi, ana jinyar mai kuɗi da matalauci ba tare da an karɓi ko anini ba. Imamu Gazali kuwa a cikin Ihya'u ya lissafa ilmin likita cikin farillan kifaya, ya yi kuka da yadda za ka sami gari cike da masu zurfafa mas'alolin fiƙihu amma babu likita Musulmi ko ɗaya. Farillar kifaya, kamar yadda kuka sani, in ba a sami isassun masu yin ta ba, laifin yana hawa kan duk mai iko da ya yi sakaci.

A shekarar 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu don kiwon lafiya. Har annobar ta iso, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, kasonta ya fi yawan tsayawa a wajen kashi huɗu zuwa shida. Manyanmu sun saba in kai ya sara su hau jirgi zuwa Ingila ko Masar ko Indiya, sai ga shekarar da aka rufe filayen jiragen sama, kowa ya kwana a gadon da ya shimfiɗa. Su ma attajiranmu akwai magana a kansu. A unguwa guda sai ka ƙirga masallatai biyar suna jin kiran sallar juna, ɗakin shan magani kuwa ɗaya ne, shi ma babu ruwa babu wuta. Gina masallaci alheri ne babba, ba mai musu. Amma waƙafin gadon asibiti, da tukunyar iskar numfashi, da ɗaukar nauyin karatun 'ya mace har ta zama likita ko ungozoma, duk sadaka ce mai gudana, kuma a wurin da aka rasa su sun fi masallaci na shida lada, in sha Allahu, domin farilla suke tsayarwa.

Saura mas'ala guda da aka sha tambaya a lokacin: mutumin da ya san yana ɗauke da cuta mai yaɗuwa, ko yake da zato mai ƙarfi, shin ya halatta ya ɓoye ya shiga sahu? Bai halatta ba. Shari'a ta umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci don kada warin ya cuci masallata, to ina ga abin da zai iya kai dattijon da ke gefensa kabari? An ruwaito kuma cewa Abdullahi ɗan Abbas ya umarci ladaninsa a wata ranar Juma'a mai ruwan sama da ya sanar da mutane su yi salla a gidajensu, don kada su sha wahalar taɓo da santsi. Wanda rashin lafiya ta tsare a gida, ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya, kamar yadda ya tabbata a Buhari. A kan maƙwabtansa kuma akwai hakkin kada su mai da ciwonsa abin gori, su kai masa abinci har ƙofa, gama tsoron gorin ne ya sa da yawa suka ɓoye ciwonsu har ya kashe su ya kuma kama na kusa da su.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin wanka da likkafani da sallar jana'iza ga wanda ya rasu da cuta mai yaɗuwa, da abin da malaman Malikiyya suka ce game da taimama a madadin wanka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.